Muryar Alhaji a Fim ɗin Mai Fito

Shafi na 31

Masu cika mini salula da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar ba ni da tukunya a kan wuta, ga shi nan, ku sarara mini. Ku kuma 'yan bayan Abdurrazak da kuka wuni kuna yi wa Tahira wankin babban bargo a sharhi, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu ga bakin wa zai mutu.

*

Abdurrazak bai yi sallama ba. Fizgar labulen falon mahaifiyarsu ya yi har sandar ta faɗo, ya shigo yana jan Bilal ta wuyan riga kamar wanda ya kamo ɓarawon akuya a kasuwa. Tahira tana durƙushe gaban ƙwarya tana dama wa mahaifinsu furar la'asar. Ko ɗago kai ba ta yi ba, don ta san wannan takun na yayanta tun suna yara, kuma bai taɓa zuwa da alheri ba.

"Aje ludayin nan."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Na ce ki aje!"

Ta aje. Hajiya Azumi, mahaifiyarsu, tana kan darduma da carbi a hannu. Tana ganin ɗanta na fari ta juya fuska wajen bango, kamar yadda ta saba tun ranar da ta haife shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa wani ya faɗa masa ko da yana tsaye a gabanta. Kunyar ɗan fari ce irin ta matan da, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu.

Abdurrazak ya jefa salularsa kan kafet, ta zame ta tsaya a gwiwar Tahira.

"Dibi aikinki."

Fim ne yake tafiya. Wani tsoho ɗan Koriya zaune cikin kwalekwalensa a bakin kogi, ana yayyafi, 'yarsa tana tsaye a gaɓa da lema. Tahira ta san wurin sarai, ita ta fassara fim ɗin da bakinta. Ga muryarta nan tana bin bayan maganar 'yar: "Baba, ka shigo gida, abinci ya huce."

Sai aka ji tari, gajere, da gyaran murya a bayansa, irin wanda duk mai sayen buhun gero a Maraɗi ya sani.

"Yarinya, ke ɗiyar wa ce?" in ji wata murya da ba ta Koriya ba, ba kuma ta mai fassara ba. "Ina Lawali? Ya ce mu tahi Jibiya da sahe, ga rana ta yi. Ni Mahamadu magana ɗaya gare ni. Ku kira min Lawali."



Muryar Alhaji Mahamadu ce, mahaifinsu, mutumin da fatake daga Kwatano har Kano suke sauke kaya a kan kalmarsa kaɗai. Damina biyu ke nan ƙwaƙwalwarsa tana zubewa kaɗan-kaɗan. Ya manta hanyar masallaci, ya manta sunayen 'ya'yansa. Damina biyu kuma Abdurrazak yana gaya wa gari cewa Alhaji yana Dubai ana duba masa zuciya, alhali kuwa yana nan ɗakin ƙurya, bango ɗaya ne tsakaninsa da wannan falon.

"A tasha na ishe shi," in ji Abdurrazak. "Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun taru bisa salula guda kamar ana rabon nama. Ina zuwa sunka yi tsit, kowa ya kama duban ƙahwa tai. Ban kai mota ba anka bugo min daga Jibiya, mutum shina min dariya, wai ashe Dubai ta matso kusa tunda ana jin tarin Alhaji daga can."

Tahira ta juya ga Bilal. Ɗan gwaggonta ne, taubashinta kuma sa'anta, mai butik a Sabon Gari inda ake tura wa mutane finafinai a katin memwar. Mutum ne da baki ba ya mutuwa, amma yau ya zama kamar kazar da ruwa ya doka.

"Bilal, ban ce ka yanke ba? Ban ce maka duk inda ka ji Baba ka cire in kana haɗa fim ɗin wajen montaj ba?"

"Kin ce."

"To?"

Ya sunkuyar da kai.

"Magana nike maka!"

"Kin ce, Tahira. Ban musa ba."

Wallahi da za ta iya, da ta kife masa ƙwaryar furar nan a ka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba don gari ta fara fassarar nan ba. Malamar Faransanci ce a lise, wato babbar sakandare, kuma tun tana jami'a a Yamai ta kamu da son irin finafinan da duk gidan ba mai iya zaman kallonsu: na Iran, na Koriya, na wasu ƙasashen da sai an duba taswira. A wurinta fim ɗin kirki shi ne wanda ba ya yi maka ihu, wanda zai bar ka zaune da mutum har ka gane abin da ke cinsa bai faɗa ba. Wata rana da azahar Alhaji ya birkice yana dukan ƙofa wai sai ya tafi kasuwa, ta rasa yadda za ta yi, ta kunna masa tele. Sai ya zauna. Ta fara karanta rubutun Faransancin da ke ƙasa tana mayar masa da Hausa, ya yi shiru yana saurare har barci ya ɗauke shi. Ta gwada masa na Indiya masu kiɗa da harbe-harbe, ya firgita ya toshe kunne. Waɗannan masu tafiyar hawainiya su ne maganinsa. Sunanta ya riga ya ɓace masa, amma ya san muryarta, yana kiranta "mai fassara", kuma duk gidan hannunta kaɗai yake yarda ya ci abinci a ciki.

Bilal ne ya ji ta wata rana ya maƙale mata sai ta naɗa masa ya gwada wa mutanen butik. Tunda Alhaji ba ya barinta ta matsa da rana, sai ta ɗora salula kan matashi ta naɗa a gefensa, da sharaɗin a goge duk abin da ya faɗa. Kuskurenta ke nan, ta yarda da taubashi.

"Ko da fim ne na kirki!" Abdurrazak ya daka tsawa. "Ba waƙa, ba hwaɗa, ba komi. Tsoho zaune shina kallon ruwa har mutum ya yi barci ya tashi ya iske shi nan. A kan wanga shirme kika tone asirin ubanki?"

"Ka kalle shi har ƙarshe?"

"Mi?"

"Tambaya na yi, Yaya. Ka kalle shi har ƙarshe, ko wurin tarin kaɗai anka nuna maka?"

"Ni zan zauna in kalli aikin kahirai? Ke ce mai lokaci, Madam. Ke da kin gama koya ma ɗiyan mutane bonjur ki zo ki miƙe ƙahwa gaban tele. Ni nike ciyar da gidan ga. Kin san baki nawa ke ci da sunan Alhaji? In fatake sunka gane ba ya cikin hankalinshi, wa za shi sauke min ko buhu guda? Sunana za su karɓa?"

"Da ka yi sunan da za su karɓa."

Bilal ya ɗago da sauri. Carbin Hajiya Azumi ya tsaya cak. Ita kanta Tahira ta ji maganar ta fita da kaifi fiye da yadda ta yi niyya, amma ba ta janye ba, don ta gaji da haɗiye abu.

Abdurrazak ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Madalla. To saurara. Mota na ƙohwa. Yanzun nan zan ɗauki Baba in kai shi gidan garka, lambunmu na Jiratawa. Na sa gardi mai gadin wurin. Ba tele, ba salula, ba baƙo. Gobe in ce ma mutane muryar wani tsoho ce kuka yi kwaikwayo da ita don ku sai da kaya, Bilal kuma za shi tsaya gaban butik ya rantse haka ne."

"Wa za ya riƙa ba shi abinci?"

"Matar gardi."

"Ba ya ci a hannun kowa sai nawa, ka sani!"

"In yunwa ta kama shi za ya ci."

"Zan bi shi."

"Ƙahwarki ta taka Jiratawa, na rantse da Allah sai na sa an maido ki a bayan kamyo. Kin gama ganin Baba, Tahira. Ki je ki yi ta fassara ma bango."

Nan ne tsoro ya shige ta na gaske. Ta san mutumin da ke ɗakin ƙurya fiye da kowa. In aka raba shi da muryar da ya sani, ba zai yi faɗa ba, ba zai yi kuka ba, zai rufe baki ne kawai ya juya wa kwano baya. Kuma abu kaɗan da ya rage yana haɗa ta da ubanta, wannan "mai fassara" da yake ce mata, shi ma zai bi sauran ya ɓace.

"Yaushe rabon da ka shiga ɗakinshi?" ta ce.

"Ba ruwanki."

"Tun azumi. Kana wucewa ta ƙohwa kana sauri kamar akwai maciji ciki. Tsoro kake ji ya dube ka bai san ka ba, shi ya sa kake son ka kai shi inda ba za ka ji ko tarinshi ba. Ba don fatake ba ne, Yaya, don kanka ne."

Ya yo kanta. Bilal ya shiga tsakani, marin ya sauka a kuncinsa, tas, har hularsa ta tashi.

"Kai kuma munahiki!" Abdurrazak ya shaƙe shi. "Gero na gidan ga ya raine ka. Uwarka ta taho da kai daga Tsibiri ko takalmi ba ka da. Yau ka ɗauki uban da ya riƙe ka ka zuba a kati kana sai da ma 'yan kabu-kabu? Kahin magariba butik ɗinka ya zama toka in ban ji dalili ba."

Bilal ya ƙwace wuyansa yana haki. Bai dubi Abdurrazak ba, bai dubi Tahira ba. Bayan Hajiya Azumi ya duba.

"Hajiya, na sha mari. Ki yi magana ko in yi."



"Mi ya haɗa Inna da wagga magana?" in ji Tahira.

"Na yanke," in ji Bilal. "Wallahi na yanke kamar yadda kika ce, tas, ko numfashinshi ban bari ba. Washegari ina zaune sai ga Hajiya ta sabko daga kabu-kabu gaban butik, ta lulluɓe har ido. Hajiya da ko ƙohwar gida ba ta leƙawa sai da direba. Ta ce in maido muryar inda take. Na ce Tahira za ta kashe ni. Ta ce ita ta haihi Tahira."

Abdurrazak ya yi baya kamar an ture shi.

"Ƙarya kake."

"Ga ta nan zaune."

Hajiya Azumi ta aje carbi a hankali. Fuskarta tana wajen bango har yanzu.

"Tahira."

"Na'am, Inna."

"Ki hwaɗa ma yayanki yaron ga bai yi ƙarya ba."

Tahira ba ta maimaita ba. Ba a taɓa maimaitawa ba dama, kowa yana ji, al'ada ce kawai take bi ta bakinta. Amma yau ji ta yi kamar an ɗora mata dutse.

"Inna, ke? Kina zaune yana zagina, yana cewa na gama ganin Baba, kina jan carbi?"

"Ina ji."

"Da muryata kika yi! Ko shawara ba ki yi da ni ba!"

"Da na yi da kin hana. Ke ma ɗiyar gidan ga ce, kunyar gari ta hi ƙarhinki. Kina son ubanki, amma a ɓoye kike son shi, kamar shi." Ta nuna bayanta da babban yatsa, inda ɗanta yake tsaye.

Maganar ta soki Tahira inda ba ta zata ba, sai haushi ya ƙara cika ta.

"Kullum ina bakin ƙohwa in kina mishi fassara," Hajiya ta ci gaba. "Ku kuna ganin ban gane komi ba tunda ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Wancan fim na mai hito na kalle shi har ya ƙare, ba sau ɗaya ba. Ki hwaɗa ma yayanki yadda ya ƙare, tunda shi bai da lokaci."

Tahira ta juya ta dubi yayanta.

"Hwaɗi mana. Ba ke ce mai fassara ba?"

"Tsohon ya mance kowa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗanshi ya so ya ɗaure kwalekwalen ya kulle shi a ɗaka. Sai mutanen ƙauyen sunka riƙa zuwa kowace sahiya suna cewa ya hitar da su ƙetare. Ba abin da za su yi a ƙetaren, an ma gina gada. Suna shiga ne kawai ya tuƙa su, su gaishe shi da sunanshi, ya maido su."

"To," in ji Hajiya. "Waɗannan ko salla ba su yi, sun san haka. Ni mijina ya ciyar da rabin garin ga. Ya kai mutane Makka, ya yi ma marayu aure. An kulle min shi kamar wanda ya yi sata. Dare da rana shina kiran Lawali, Lawali na Tsibiri nan kusa shina mishi addu'ar dawowa daga Dubai. Ki tambayi yayanki, ciwo abin kunya ne? Ki ce mishi ni ban iya tsayawa gabanshi in yi gardama ba, ban taɓa ba. Na biɗi wanda za ya kai min magana gari, ban samu ba sai wancan tsoho na cikin kwalekwale."

"Inna." Karo na farko ke nan da Abdurrazak ya yi magana da ita kai tsaye a gaban mutane. "Kin san abin da kika rusa? Gumina ne. Tun da ya kwanta ban yi barcin kirki ba. Ina ɗaukar waya ina cewa 'Alhaji ya ce, Alhaji ya ce', don kada a ce gidan Mahamadu ya hwaɗi a hannuna. Ke ko sunana ba ki taɓa kira ba, yau kin tashi kin tsiraita ni gaban 'yan tasha."

Kafaɗar Hajiya ta motsa, amma ba ta juyo ba.

"Ki ce mishi na ji."

"Shi ke nan? Kin ji?" Ya yi wata dariya marar daɗi, ya share ido da bayan hannu da sauri don kada a gani. "To ni ma ku ji. Ba abin da ya canza. Bilal, ɗauko jakar Baba. Yanzu za mu tahi."

"Ba na ɗaukowa."

"Sai in ɗauko da kaina."

Ya nufi ƙofar ɗakin ƙurya. Tahira ta riga shi, ta tsaya ta baza hannu a bakin ƙofar.

"Matsa."

"Sai dai ka taka ni."

"Kina ganin ba zan iya ba?"

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Daga tsakar gida muryar ta zo, tsohuwar murya mai kaushi, da ƙwanƙwasar sanda a kan siminti. Babu wanda ya amsa. Mai sallamar bai jira ba, dama labulen yana ƙasa. Dogon tsoho ne siriri, rigarsa ta sha ƙurar hanya, da gani yanzu ya sauka daga babur ɗin ɗan kabu-kabu. Lawalin nan da Alhaji yake kira ne, wanda ake ce wa Maman Lawali, abokinsa tun suna dakon gyaɗa a ka suna yara, mutumin da shekara da shekaru ba ya neman izini kafin ya shiga gidan nan.

Abdurrazak ya durƙusa da sauri, fuskarsa ta canza kamar an kunna fitila.

"Baba Lawali! Sannu da hanya. Da ka aiko ai da na turo mota."

"Ina Mahamadu?"

"Ai Alhaji yana Dubai, jiya ma munka yi waya, ya ce a gaishe..."

"Yaro." Tsohon ya buga sanda. "Jikata ta kawo min salula da hantsi ta ce in ga wani fim na mutanen waje da ke sa mata kuka. Ban san fim ba, ban damu da shi ba. Ina cikin kallon wani tsoho da jirgi sai na ji Mahamadu na kirana. Ni za ka gaya ma muryar Mahamadu? Na bar masu noma a gona na hau babur da tsuhwana. In ka sake ce min Dubai, sandar ga za ta sabka a kanka gaban uwarka."

Bayan Tahira, ƙofa ta yi ƙara.

Ta juya. Alhaji Mahamadu yana tsaye riƙe da marikin ƙofar, farar jallabiya a jikinsa, hula a karkace. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Idonsa ya bi falon yana neman inda muryar ta fito, ya wuce matarsa, ya wuce Bilal, ya wuce ɗansa da ke durƙushe, ya tsaya a kan mai sanda.

Ya yi tarin nan, ya gyara murya.

"Lawali. Ka makara. Motar Jibiya ta tashi."

Sandar ta faɗi daga hannun Maman Lawali. Tsoho mai jikoki ya tsaya a tsakiyar falo yana kuka da baki buɗe kamar yaro.

"Na makara, Mahamadu. Ka yi min aikin gahwara. Ba a gaya min kana jira ba."

"Kullum haka kake," in ji Alhaji, yana murmushi. Rabon Tahira da ganin haƙoransa har ta manta.

Hajiya Azumi ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Abdurrazak ya miƙe. Ko kunya ce, ko taurin kai, ko tsoron kada ya tsaya ya ji abin da ke taso masa a ƙirji, Allah kaɗai ya sani. Ya ratsa ta gefen Tahira ya kama hannun mahaifinsa.

"Baba, zo mu tahi. Mota na jira. Za ka huta a garka, akwai iska, akwai mangwaro. Baba Lawali za ya zo daga baya."

Alhaji ya dubi hannun da ya riƙe shi, ya dubi fuskar mai hannun. Murmushin ya ɗauke. Ya zare hannunsa a hankali, ya matsa ya raɓe a kafaɗar Tahira kamar yadda yake yi in an nuno wani abin tsoro a tele.

"Mai fassara."

"Na'am, Baba."

"Wanga mi yake cewa? Ban gane yarenshi ba. Shi wane ne a ciki?"



Abdurrazak ya juya ya dubi uwarsa. Kalma ɗaya yake jira, sunan da ita da mijinta suka raɗa masa, amma bakin Hajiya Azumi bai taɓa ɗaukarta ba, kuma ko yanzu fuskarta tana cikin mayafi wajen bango. Ya dubi Bilal, Bilal yana shafa kuncin da ya sha mari, ya kawar da kai. Ya dubi Maman Lawali, tsohon ya tsare shi da jajayen idanu.

Sai ya dubi Tahira. Duk girman kan nan ya zube, idonsa yana roƙonta a fili. Ita kaɗai Alhaji yake yarda da abin da ta faɗa. In ta ce ɗanka ne, Abdurrazak, na farinka, zai karɓa kamar yadda yake karɓar duk abin da ta fassara masa.

Ta ji tausayinsa, wallahi ta ji. Amma kunnenta bai daina jin "kin gama ganin Baba" ba, kuma makullin motar yana nan a hannunsa bai aje ba.

"Direba ne, Baba," ta ce. "An aiko shi ya kai ka Jiratawa."

"Jiratawa? Wa ya aiko shi?"

"Bai hwaɗi ba."

"A'a." Alhaji ya girgiza kai. "Ki ce mishi ina da baƙo. Ni Mahamadu magana ɗaya gare ni, ba ni zuwa ko'ina."

Ya laluba aljihun jallabiya, ya daɗe yana lalube, ya fito da ɓarin goro da ya fara bushewa. Ya miƙa wa ɗansa na fari da irin fara'ar da ya saba sallamar 'yan aike da ita.

"Ungo, yaro. Ka sha hanya. Ka gaida mai gidanka."

Hannun Alhaji yana miƙe, goron yana kan tafinsa. Abdurrazak yana tsaye, makulli a hannun dama, na hagu a sake, duk falon ana jiran a ga wanne zai ɗaga.